Muhawara a zauren masu faifai: MC ko MM, wanne ya dace da faya-fayanmu?

Injiniya, Nasarawa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙaninmu na Kabuga ya ce ya samu garmaho na hannu, Technics, yana neman shawarar kan allurar da zai ɗaura masa, wato ɗan akwatin da ke riƙe allura a bakin hannun garmaho. Ni ra'ayina ɗaya ne, ko da wasu ba za su ji daɗinsa ba. In da gaske mutum yake, ya daure ya tara kuɗi ya sayi kan allura irin na MC (moving coil), ba na MM (moving magnet) ba. Duk mai sauraron faifai da MM rabin abin da ke cikin faifan yake ji. Dalilina shi ne, a MM mayen ƙarfe ne ke manne a gindin sandar allura, shi ke motsi kusa da kwayil. A MC kuwa kwayil ɗin ne ke motsi, 'yar siririyar waya da aka naɗa, mayen ƙarfen yana zaune wuri guda. Abin da ke motsin bai kai nauyin wancan ba, saboda haka allurar ta fi saurin bin lanƙwasar layin faifai. Kamfanin Ortofon na Denmak tun 1948 yake yin MC, kuma har gobe mafi tsadar kayansa MC ne. Ba banza ba.

Baba mai gyara, Sabon Gari: Wa'alaikumus salam. Injiniya, bayaninka babu gyara a ciki, hukuncin da ka yanke ne ban yarda da shi ba. Rabi fa ka ce! Kafin a kai ga rabi ko kwata, a fara tambayar yaron nan wace amfilifaya gare shi. MM yana fitar da wajen milibolt 3 zuwa 5. MC na ainihi, irin wanda kake nufi, 0.2 zuwa 0.5 yake bayarwa, wato kusan kashi ɗaya cikin goma. Ramin PHONO da ke bayan yawancin amfilifayoyin da ke hannun mutane don MM aka yi shi. Ka sa masa MC, sai ka murɗa murya har ƙarshe ka ji waƙar can ƙasa-ƙasa. Dole sai an ƙara taransifoma ko wani akwati na musamman a tsakani, kuɗi kan kuɗi. Sannan duk abin da zai ɗaga sauti ninki goma, zai ɗaga gurnanin wuta tare da shi. Mu da rabin sauraronmu a kan janareta muke yi, kuma gidaje da yawa wayarin ɗinsu ba a kafa masa ƙasa yadda ya kamata ba, ka san abin da nake nufi.

Ɗalibi, Kabuga: Na gode Baba, na gode Yaya Injiniya. Na duba bayan amfilifayar, PHONO kawai aka rubuta, da wani ɗan kusa kusa da shi. Babu maɓallin MM da MC. Faya-fayan na mahaifina ne, Allah ya ji ƙansa. Akwai na mawaƙan Hausa, na Indiya, da na Legas da EMI da Decca suka buga a shekarun 1970. Gaskiya da yawa sun sha jiki.

Baba mai gyara: Amin, Allah ya ji ƙansa. Ɗan kusan nan na siririyar wayar da ke fitowa daga garmaho ne, ka ɗaure ta a nan, in ba haka ba gurnani ba zai bar ka ba. To Injiniya ka ji. MM ce amfilifayarsa. Kuma ga wata: ranar da ƙanensa ya sa yatsa ya lanƙwasa allura, a MM zare ta za a yi a tura sabuwa, minti ɗaya. A MC allurar a jikin kan take, sai dai a aika ƙasar waje a dasa wata ko a sayi sabon kai gaba ɗaya, a farashin dalar yau.

Malam, tsohon ma'aikacin gidan rediyo, Fagge: Ku yi haƙuri in sa baki. Ina ganin kun kama reshe kun bar tushe. Abin da ke taɓa faifai shi ne bakin allura, ɗan ƙwayar daimon ɗin nan, kuma siffarsa ta fi tasiri a kan abin da kunne zai ji fiye da MM ko MC. Ga misali, Denon DL-103 MC ne, an ƙera shi a shekarun 1960 tare da gidan rediyon NHK na Japan don aikin watsa shirye-shirye, har yau ana sayar da shi, kuma bakin allurarsa mai zagaye ne, irin wanda ake ganin na talaka. Me ya sa gidan rediyo ya zaɓi mai zagaye? Don a situdiyo faifai yana wucewa ta hannu goma, ba kullum ake samun mai tsabta ba, kuma babu lokacin zama ana auna kusurwa. Allura mai zagaye tana da haƙuri. Ko an ɗan karkace wajen ɗaura ta za ta yi aiki, kuma ba ta tono kowane datti da ke cikin layi. Ga faifan da ya sha jiki, ita nake ba da shawara.

Injiniya: Malam, da girmamawa, a nan ne na fi saɓa maka. Su waɗannan faya-fayan da me aka cinye su? Da allura mai zagaye, a kan rediyogiram na da, da nauyi mai yawa. Mai zagaye wuri ɗaya take taɓawa a bangon layi, ɗigo a dama ɗigo a hagu, kuma a daidai wannan tsayin ta yi ta gurzawa shekara da shekaru. In ka sake kawo wata mai zagaye, a cikin wannan raunin za ta sake bi. Amma mai siririn baki, irin Shibata da aka fito da ita a farkon shekarun 1970, ko Microlinear, tana jingina da bangon daga sama zuwa ƙasa, ta taɓa inda tsohuwar allura ba ta taɓa kaiwa ba. Na ji faifan da aka fid da rai da shi ya dawo da murya ta wannan hanya. Sannan ku lura da waƙar ƙarshe ta kowane gefe. A bakin faifai layin yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun wajen santimita 50 a daƙiƙa, a can ciki kusa da takarda ya ragu zuwa wajen 20. Sautin ya cushe a ɗan wuri, mai zagaye ba ta iya shiga lungunan, shi ya sa muryar 'yan amshi ke tsagewa, harafin "s" ya riƙa fesowa. Ko ta fuskar kuɗi, Audio-Technica da kansu sun ƙiyasta mai zagaye tana yin awa 500, mai siffar ƙwai 300, Microlinear 1000.

Malam: Maganar waƙar ƙarshe gaskiya ce, ban musa ba. Amma ka lura ka sauka daga MC ka koma siffar allura, inda na ce a tsaya.

Injiniya: Ban sauka ba Malam, na ƙara hujja ne. MC mai siririn baki shi ne ƙarshen magana.

Baba mai gyara: Bari in gaya muku abin da ke zuwa teburina. Mutum ya kawo garmaho ya ce ba ya fitar da murya. In ɗaga hannun in sa gilashin ƙara girma, sai in ga bakin allurar ya ɓace cikin wani dunƙulen ƙura da zaren kafet, ya daskare kamar an shafa masa ƙaro. A saman kan kuma an ɗaure kwabo da salatif don kada ya yi tsalle. Wannan shi ne halin da ake ciki a garin nan, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da iska ke bushewa, faifai ya riƙa jan ƙura da kansa kana zare shi daga riga. Allurar da Injiniya ke yabo tana yin duk abin da ya faɗa, amma da sharaɗi biyu. Faifan ya zama wankakke, kuma a ɗaura kan daidai da takardar awo, ba karkata ko kaɗan. In aka rasa ɗaya, abin da za ta tono maka shi ne ƙasar shekara hamsin, ƙaras-ƙaras tun daga farko har ƙarshe, kuma in ta karkace gefenta mai kaifi ne ke cin bango. Yaron da yau ya fara, ba na so ya fara da abin da ba ya yafe kuskure.

Hajiya, Gwammaja: Sannunku da ƙoƙari. Ni tambaya gare ni, ba gardama ba. Cikin kayan da Baffanmu ya bari akwai wasu faya-fayai masu kauri da nauyi, in sun faɗi fashewa suke kamar tangaran. An rubuta 78 a jikinsu. Ɗana ya sa ɗaya a garmahonsa, muryar ta fito a ja, ga shuuu kamar ana ruwa. Sun lalace ke nan?

Malam: Hajiya, don Allah a dakata da sa su. Mai yiwuwa lafiyarsu ƙalau. Waɗannan sun girmi faifan roba, wanda Columbia ta fito da shi a 1948 mai gudun 33, wato zagaye 33 a minti, RCA Victor kuma ta biyo da ƙaramin mai gudun 45 a 1949. Na 78 layinsu ya fi faɗi sosai. Allurar zamani bakinta wajen mil 0.6 ko 0.7 ne (mil a nan kashi ɗaya ne cikin dubu na inci), su kuwa mai mil 3 suke so. Siririyar tana nutsewa har ƙasan layi tana sharar datti, shi ne shuuu ɗin da kika ji. Jan muryar kuma gudu ne bai kai ba, don garmaho da yawa 33 da 45 kawai gare su, har da Technics SL-1200 MK2 na 1979 da ake ji da shi. Sai an samu mai 78. Kuma kada a kuskura a goge su da sifirit, yana narkar da su. Wannan ma, Injiniya, wani dalili ne na MM. A jerin VM95 na Audio-Technica jikin kan ɗaya ne, allurai ne daban-daban: C mai zagaye, E mai siffar ƙwai, ML wato Microlinear, SH wato Shibata, da SP ta faifan 78. Ka zare wannan ka tura waccan.

Hajiya: Alhamdu lillahi. Har na ce a zubar. Allah ya saka da alheri Malam.

Mai kiɗan biki, Tarauni: Ni dai ban ga abin da ya kai Shure M44-7 riƙe layi ba, amma tun 2018 kamfanin ya daina yin kan allura gaba ɗaya. Abin da ake samu yanzu allurar wasu kamfanoni ce, wata mai kyau wata jabu, kwali iri ɗaya. Ƙanina ka kula da inda za ka saya. Kuma shawarata ka rage nauyin hannun sosai, tun da faya-fayan gado ne, kada allura ta ƙara cinye su.

Baba mai gyara: Maganar jabu gaskiya ce. Ta rage nauyi kuwa, a'a ɗana, nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Allurar da ba ta samu nauyinta ba ba ta zama a layi, karkarwa take tana dukan bango hagu da dama, kuma wannan dukan ya fi 'yar ƙarin nauyi illa. Kowane kai da nauyin da maƙerinsa ya rubuta. VM95 giram 2 ne, Ortofon 2M Red giram 1.8. A sayi ɗan sikelin nan na dijital a auna, kada a yi da ka. Ɗalibi, duba min hannun garmahonka. Kan da ke jiki da kusoshi biyu aka ɗaure shi ta sama, ko cusa shi aka yi a bakin hannu da kusa ɗaya ta gefe? Technics sun yi iri biyun, kuma in na cusawa ne, duk waɗannan da muke lissafawa ba za su hau ba.

Ɗalibi: Kusoshi biyu ne Baba. Kuma gaban hannun gaba ɗaya yana kwancewa in an murɗa wani zobe.

Injiniya: To madalla, wannan ya sauƙaƙa. Tun da gaban yana cirewa, zai iya ajiye biyu. Na yarda ya fara da MM saboda amfilifayarsa, wannan lalura ce. Amma ya sa ML, kada ya sa C. Kuma ban janye maganata ba, ranar da ya ji MC a kan faifai mai tsabta zai dawo zauren nan ya faɗa da bakinsa. Ƙofata a buɗe take, ya zo da faifan da ya fi so mu saurara.

Malam: Ni kuma C nake cewa, har sai ya wanke faya-fayan ya ware masu lafiya daga masu rauni. Kuɗin da ya rage ya sayi buroshi da sababbin rigunan ciki. In ya ga masu lafiyar suna da yawa, allurar ML kawai zai saya ya tura a jikin da yake da shi.

Ɗalibi: Kuɗin hannuna dai na C ne, ko E in na matsa. Baba, yaya ake wankin?

Baba mai gyara: Ruwan batir wanda ba a sa masa asid ba, ɗigon sabulun ruwa kaɗan, da tsumma mai laushi, kana bin layi a zagaye, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ka ɗauraye, ka jingine su a tsaye a inuwa su bushe. Ranar Asabar bayan la'asar ka kawo garmahon shago tare da amfilifayar, in duba ko na wutar 110 ne kafin ka ƙona shi, in ɗaura maka kan a gabanka ka ga yadda ake awo. Faya-fayan kuma kada ka bar su a but ɗin mota, zafin rana lanƙwasa su yake yi.