Gidan Physick na Cape May: salon gininsa da abin da ke fara lalacewa

Mai_Bincike:
Assalamu alaikum. Masana gini, don Allah me ya bambanta gidan Emlen Physick da ke garin Cape May, jihar New Jersey a Amurka, da sauran gidajen zamanin Sarauniya Biktoriya? Kuma ina ne ke fara lalacewa a irin wannan gini?

Mai_Zanen_Gini:
Wa alaikumus salam. A 1879 aka gina shi, ɗaki 18, kuma ana danganta zanensa ga mai zanen gini Frank Furness. Sunan salon Stick. Ka dubi bangon da kyau, za ka ga siraran katakai a tsaye, a kwance da a gicciye, kamar su ke riƙe da gidan, alhali ado ne kawai, ba sa ɗaukar nauyi. Bututun hayaƙinsa kuma sun fi faɗi daga sama. In ka ga hasumiya zagayayya a kusurwar gida, wannan galibi wani salon ne daban mai suna Queen Anne. Gobarar 1878 ta cinye babban sashe na garin, aka sake gini a lokaci guda, shi ya sa gidajen suka yi kama da juna.

Tsohon_Kafinta:
Malam, ruwa ne ke kashe su, ba tsufa ba. Fara da magudanar ruwan rufi. A yawancin gidajen an saka ta cikin katakon bakin rufin, an shimfiɗa mata ƙarfe. Da ƙarfen ya huje, ruwa na bin cikin bango shekara da shekaru ba wanda ya sani. Sai gindin ginshiƙan baranda: katako na shan ruwa ta inda aka yanke shi, don haka a ɗaga ginshiƙin kaɗan a kan ƙarfe iska ta ratsa. Ka soka sukudireba, in ta shige babu gardama, ya ruɓe. Rufin falalen dutse kan haura shekara 100, ƙusoshin ne ke riga shi lalacewa saboda tsatsa.

Kada kuma a cike tsakanin tsofaffin tubala da siminti. Ya fi su tauri, damshi ba ya samun mafita, sai fuskar tubalin ta ɓare. Kwaɓin farar ƙasa da yashi ake sawa.

Injiniya_A:
Ƙari a kan maganar Baba Kafinta. Gidajen katako da yawa na lokacin, sandunan bangonsu daga tushe suke miƙewa har rufi, ba abin da ya tare tsakani. Wuta in ta tashi a ƙasa, nan da nan ta kai sama. Duk bangon da aka buɗe, a toshe ramin a daidai kowane bene. Fenti mai dalma kuwa sai 1978 aka hana shi a gidajen Amurka, saboda haka kada a goge shi a bushe, ƙurar guba ce. Kafin a canza taga ko baranda, sai an nemi izinin hukumar adana tarihi ta garin.