Me ya sa birnin Benis bai yi ganuwa ba?

Hauwa, Bauchi: Assalamu alaikum. Ina karatun zanen gine-gine, kuma an ba mu aiki a kan birnin Benis na ƙasar Italiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mu nan mun san Sarki Yakubu ya kewaye Bauchi da ganuwa, amma wannan birni mai tarin dukiya ba shi da ita, har ma fadar shugabanninsa na da baranda ce da tagogi ta ko'ina. Me ya jawo haka?

Malam Garba: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ruwa ne ganuwarsu, domin an gina birnin ne a kan ƙananan tsibirai a cikin ruwan gishiri marar zurfi, inda jirgin abokan gaba da bai san hanya ba zai kafe a laka. Wannan lakar ce kuma ta tsara musu yadda za su yi gini. Sai an kakkafa gungume masu yawa a cikinta, a shimfiɗa katako a kansu, a ɗora farin dutsen da ake kawowa daga yankin Istiriya, wanda mafi yawansa ke ƙasar Kuroshiya a yau, saboda ruwan gishiri ba ya cinsa da sauri, sannan a tayar da bango da jan bulo. Tun da ƙasar ba ta jure nauyi sosai, sai suka rage kaurin bango suka yawaita tagogi.

Alhaji Bala, Gombe: Malam ya yi bayanin ƙasa, ni kuma zan ƙara da na kasuwa. Babbar ƙofar gidan attajiri ruwa take kallo, saboda a wancan zamani kwalekwale ne ke kawo kayan yaji da alharini da aka sayo a Iskandariyya da Sham. Hawan ƙasa sito ne, iyali kuma suna sama, kusan kamar gidan fatoma a ƙasar Hausa, inda fatake ke sauke kaya. Masaukin da aka ware wa 'yan kasuwar Jamus kusa da gadar Riyalto ana kiransa Fondaco, kalmar da ta fito daga funduƙ ta Larabci.

Malam Garba: Gaskiya ne, Alhaji, sai dai kada Hauwa ta rubuta cewa ciniki kaɗai ya ƙawata garin. Majami'ar San Marko, wadda aka fara ginin da ake gani yanzu wajen 1063, an kwaikwayo ƙubbobinta ne daga Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, mutum-mutumin dawakai huɗu na ƙarfe da ke majami'ar kuwa ganima ce da aka kwaso bayan an wawashe wancan birni a 1204.

Hauwa: Na gode ƙwarai, iyayena. Zan fara da zanen harsashin, in kwatanta shi da tushen gidan laka irin namu.