Majigi ko talabijin: wanne ya fi dacewa da nuna taswira a kan teburin wasa?

Ɗan Asawase ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mu shida ne muke haɗuwa kowace Asabar bayan la'asar a ɗakin da nake haya a Asawase, nan Kumasi, muna yin wasan labari na kan tebur irin Dungeons & Dragons, inda mutum ɗaya yake jan labari, sauran kuma kowa yana tafiyar da ɗan mutum-mutuminsa a kan taswira mai gida-gida. Ni ne mai jan labarin, kuma shekara biyu ke nan ina zana taswirorin da hannu a kan kwali. Abin da ya fi damuna shi ne, da zarar na shimfiɗa kwalin, kowa ya riga ya ga duk ɗakunan da ƙofofin da ya kamata su kasance a ɓoye, sai dai in riƙa rufe su da guntayen takarda waɗanda fanka take kwashewa. A makon jiya kuma kofin ataya ya kife a kan taswirar da na yi dare uku ina zanawa.

Mun yi karo-karo domin mu sayi abin da zai nuna taswirar daga kwamfuta, amma ra'ayi ya rabu biyu. Wasu sun ce a rataya majigi a sama ya hasko tebur, wasu sun ce a kwantar da talabijin ta bango a kan teburin, fuskarta tana kallon sama. Tsayin ɗakin daga ƙasa zuwa silin mita 2.8 ne, fankar tana tsakiya daidai saman teburin, teburin kuma ƙafa shida ne da ƙafa uku. Wanda ya taɓa gwada ɗaya daga cikinsu ya taimaka mana da shawara kafin kuɗin su fita daga hannunmu.

Mai Gyara na Aboabo ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kyauta da ka kawo awon ɗakin, domin da shi za a yanke hukuncin. Kowane majigi yana da lissafin da ke tsakanin nisansa da faɗin hoton da yake fitarwa, kuma a yawancin na ofis da makaranta lissafin yana kusa da 1.5, wato sai ya yi nisan mita ɗaya da rabi kafin ya ba da hoto mai faɗin mita ɗaya. Idan ka cire tsayin tebur, kamar santimita 75, ka kuma cire jikin majigin da ƙarfen da zai riƙe shi, abin da zai rage maka bai wuce mita 1.7 ba, hoton kuma zai tsaya a wajen mita 1.1. A wasanku kowane gida inci ɗaya ne, saboda haka za ka samu gidaje kusan 44 a tsawo da 25 a faɗi. Talabijin mai inci 43 tana ba da gidaje 37 da 21 ba tare da ka huda silin ɗin mai gida ba. Bambancin da ke tsakani bai kai wahalar da za ka sha ba, ga kuma fankar da sai an cire ta ko an kawar da teburin daga ƙarƙashinta, alhali zama na mutum shida a ɗaki ɗaya a watan Maris ba tare da fanka ba abu ne da ba na yi wa kowa fatansa.

Magana ta biyu ita ce wuta. Majigi mai ƙwan fitila yana cin wat 200 zuwa 300, talabijin mai inci 43 kuwa ba kasafai take kai wat 100 ba, kuma mai sayen katin mita zai ga bambancin a ƙarshen wata. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda ƙwan yake mutuwa. Idan ka kashe majigi ta hanyar da ta dace, fankar cikinsa tana ci gaba da juyawa har ƙwan ya huce, amma idan aka ɗauke wuta farat ɗaya, fankar tana tsayawa ƙwan yana cikin tsananin zafi, wannan kuma yana rage masa kwana. Na sha buɗe majigin da aka kawo mini daga makarantu bayan hunturu, in tarar matatar iskarsa ta toshe da jar ƙura kamar an yaɓa mata laka, shi ya sa yake kashe kansa bayan mintoci kaɗan. Yawancin masu ƙwan fitila kuma ba a ƙera su domin su kalli ƙasa kai tsaye ba, sai ka duba littafin da ya zo da na'urar ka ga ko an yarda da haka.

Talabijin ma ba a ƙera ta domin kwanciya ba, wannan gaskiya ce da bai kamata in ɓoye maka ba. Ramukan bayanta an yi su ne domin iska mai zafi ta tashi sama idan tana tsaye, saboda haka idan ta kwanta sai an ɗaga ta daga tebur an bar wa iska hanya. Ka guji mai nau'in fuskar da ake kira OLED, domin hoton da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar layukan gidajen taswira, yana iya barin tabo a fuskarta. Ka nemi mai fuskar IPS, wadda launinta ba ya dusashewa sosai idan an kalle ta daga gefe. Idan ka je shagunan Adum a tsakiyar Kumasi domin sayen talabijin, kada ka tsaya a gabanta kawai kamar mai kallon ƙwallo. Ka durƙusa ka kalle ta daga ƙasa, ka kuma matsa ka kalle ta daga gefe, domin haka abokanka za su riƙa ganinta idan ta kwanta.

Malama daga Nima ta amsa:

Malam mai gyara ya faɗi gaskiya a lissafinsa, amma ina ganin bai yi wa majigi adalci ba, domin ya auna shi da tsofaffin samfura kawai. Mu a nan Accra da majigi muke wasa a wani ɗakin karatu bayan an tashi yara, kuma namu mai hasken LED ne, irin wanda masu ƙera shi suke cewa yana kai sa'o'i 20,000, ba shi kuma da ƙwan da ɗaukewar wuta za ta lalata. Akwai kuma masu gajeren zango, waɗanda daga nisan mita ɗaya suke ba da hoto mai faɗin mita biyu, sai dai kuɗinsu ya fi yawa.

Abin da ya sa na fi son majigi shi ne tebur yana nan a matsayinsa na tebur. Muna shimfiɗa farin ƙyalle, mu ɗora tsaunuka da gadoji da muka yi da kwali, hoton ya sauka a kansu, a jefa ƙwayoyin wasa a ko'ina, a ajiye kofi ba tare da gaban kowa ya faɗi ba. Ɗan mutum-mutumi kuma yana zama a kan hoton kansa. A talabijin sai an sa mata kariya a sama, kuma idan kariyar ta yi kauri, wanda yake zaune a gefe zai ga kamar mutum-mutumin yana wani gida dabam da wanda na gabansa yake gani, har a yi gardama a kan ko takobi ya kai ga abokin gaba ko bai kai ba.

Aibinsa guda biyu ne, kuma kullum muna fama da su. Duk wanda ya miƙa hannu sai inuwarsa ta rufe wurin da yake son nunawa. Sannan sai an rage hasken ɗaki, wanda hakan yake sa karanta takardun wasa ya yi wuya, musamman ga mai sa tabarau irina. Tunda ku da la'asar kuke farawa, rana tana nan da ƙarfinta, ka yi tunanin wannan da kyau. Kada kuma adadin lumen, wato awon ƙarfin haske, da aka rubuta a kwalin ƙananan majigi masu araha ya ruɗe ka, wanda aka rubuta ANSI a gabansa shi ne abin dogaro.

Kafinta a Sokoban ya amsa:

Idan talabijin kuka zaɓa, kada ku yanke teburin. A yi mata akwatin katako mai buɗaɗɗen ƙasa da ramuka a gefe, da hannu biyu na ɗauka, a shimfiɗa farantin roba mai kama da gilashi, mai kaurin milimita uku, dab da fuskarta. Faɗin teburinka santimita 91 ne, mai inci 43 za ta ci kusan 57, abin da ya rage wa kowane gefe bai kai tsawon takarda ɗaya ba. Mai inci 55 kuwa abin da za ta bar wa kowane gefe bai wuce kamar santimita 10 ba.

Ɗan Asawase ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Jiya da daddare na ari talabijin ɗin yayana mai inci 32, na ɗora ta a kan katakai biyu, na haɗa ta da kwamfuta, na buɗe taswira a MapTool, wata manhajar nuna taswirar wasa. Na sa rula a kan fuskarta ina ƙara girman hoton har gidaje goma suka yi daidai da santimita 25.4, sai na ga gidaje 27 ne suka shiga a tsawo, 15 a faɗi. Sun ishe mu faɗa a cikin ɗaki ko kogo, amma ba su isa fili ba, saboda haka mai inci 43 za mu nema. Lokacin da na buɗe ƙofar farko a taswirar, duhun da manhajar ta rufe ɗakin da shi ya yaye a gaban ƙanena, ya yi shiru yana leƙawa kamar mai leƙa rijiya, abin da ban taɓa samu da kwali ba.

Malama, maganar inuwa da hasken la'asar ita ce ta ƙarasa yanke mini shawara, ko da yake tsaunukanku na kwali sun ba ni sha'awa, kuma zan gwada ƙanana a kan farantin robar. Abu ɗaya ya rage da nake son Malam mai gyara ya duba mini. Bayan sa'a biyu na sa hannu a ƙarƙashin talabijin ɗin na ji wajen da wayar wuta take shiga ya yi zafi fiye da sauran jikinta. Shin ƙaramar fankar kwamfuta guda ɗaya mai aiki da USB za ta wadatar a cikin akwatin, ko sai an sa biyu, ɗaya tana shigo da iska ɗaya tana fitarwa?