An kawo mini sammaci: me ake shiryawa kafin ranar zama a jastis?

Mai shagon siminti, unguwar Zariya a Maraɗi, Nijar: Assalamu alaikum jama'a. Wisiye, wato mai kai takardun kotu, ya kawo mini takardar sammaci a kan wani bashi da ake cewa ana bi na, ni kuwa na biya rabinsa tuntuni. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, don Allah me zan tanada?

Dillalin hatsi, Tasawa: Wa alaikumussalam Alhaji. Kafin komai, nemi wanda ya iya faransanci sosai ya karanta maka ita tun daga sama har ƙasa: wace kotu, wace rana, wane ƙarfe, nawa ake nema. Kuma ka je. Abokin cinikina ya karɓi tasa hannu da hannu ya ƙi zuwa, wai ai gaskiya na wajensa. Aka yanke hukunci kamar yana zaune a wurin, sai ɗaukaka ƙara ta rage masa. Har yau abin na ci mini rai, don da gaske shi ke da gaskiya.

Malamar lakwal, unguwar Ali Ɗan Sofo: Alhaji, ni tawa ta kuɗin haya ce, kuma abin da ban sani ba a lokacin shi ne ranar farko ba ranar hukunci ba ce. Na zo da shaidu, na shirya bayani a kaina, sai aka ce an miƙa mu wurin alƙalin da ke kula da haɗa dosiye, wato tarin takardun shari'ar. Shi ya tsara mana lokaci: mai ƙara ya ajiye bayaninsa a rubuce da takardun hujja, a ba ni kwafi, in mayar da amsa kafin rana kaza, shi ma ya sake amsawa. Duk takardar da za ka dogara da ita sai abokin shari'arka ya gan ta tukuna, ba a ɓoye hujja a aljihu a fito da ita ranar zama. Haka dokar shari'ar farar hula ta 2015 ta tsara. Ranar da alƙalin ya rufe dosiye kuwa, ƙofa ta rufu ke nan. Wanda muke shari'a da shi ya zo da wani rasit daga baya, ba a saurare shi ba. Rasit ɗin biyan rabin nan naka, da littafin shago, da saƙonnin WhatsApp in akwai, ka yi musu kwafi yau, asalinsu ya zauna a hannunka.

Mai shagon siminti: Hajiya, matsalar ita ce hannu da hannu na ba shi, babu rasit. Amma a gaban mutum biyu ne.

Malamar lakwal: To ka faɗa wa lauya wannan tun zaman farko, kada ka bari a ji shi a bakin wancan. Ka kuma tuntuɓi mutanen biyu yanzu, ka ji ko za su tsaya.

Manomi, Madarunfa: Ku gafarce ni, tawa ta gona ce, hanyarta daban. Da muka kai ƙara, abin da aka fara tambayarmu shi ne takardar sulhu. Rikicin gona sai ya bi ta wurin mai gari, ya je ga sarki, in sulhu ya ƙi a rubuta cewa ya ƙi, sannan kotu ta karɓa. Mu mun zauna gaban sarki amma ba a rubuta komai ba, sai da muka koma. Abin da ya tsayar mana da magana shi ne takardar shaidar mallaka ta kwamitin filaye, Kofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta kafa. Dattawan da suka san iyakar gonar suna ta ƙarewa, shi ya sa nake roƙon kowa ya yi takardar nan tun ana zaman lafiya.

Direba, hanyar Jibiya: Ni ina Kano aka kai sammacina gida, yara suka saka shi cikin kwaba. Sai labarin hukunci na ji. Da yake ba a hannuna aka ba da shi ba, lauya ya ce ina da damar neman kotun ta sake zama a kan maganar, amma kwanakin ƙayyadaddu ne, suna fara ƙirguwa daga ranar da aka sanar da kai hukuncin. Matafiya, ku gaya wa iyali duk takarda mai hatimi a kira ku nan take.

Wata uwa, Tibiri: Duk kuna ta cewa lauya. Wanda ba shi da ko jika biyar fa, Yaya? Gadon marayu ne a hannuna.

Malamar lakwal: Inna, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a, tana da ofishi a babbar kotun Maraɗi, kuma shawara kyauta ce. Ki tafi da takardar mutuwar mahaifinsu, da takardun haihuwar yaran, da duk abin da aka rubuta ranar zaman dangi. In ba a yi takardar mutuwar ba, ki fara faɗa musu wannan.