Wai akuya tana shuka itace?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Tun ranar Green Ghana ta 2021, wato ranar dashen itatuwa ta ƙasar Ghana, nake dasa itatuwa a bayan gidanmu, sau uku awakin maƙwabci suna cinye su tun ba su kai gwiwa ba. Jiya na je masa da ƙorafi, sai ya ce wai ai akuya ma shuka take yi. Ni dai na ce ɓarna kawai ta sani. Mai hujja ya kawo.

Malamin Gona: Allah ya huci zuciyarka, ɗan'uwa, amma maganarsa tana da tushe. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa ɓawonsu tauri gare shi, ruwa ba ya ratsawa. Shi ya sa masu renon itace ke jiƙa su a ruwan zafi ko su ɗan kankare su kafin su sa a ƙasa. In dabba ta ci 'ya'yan, wasu ƙwayoyin su farfashe wajen tuƙa, waɗanda suka tsira su fito a kashi ɓawon ya yi laushi, ga taki, ga shi an kai su nesa da inuwar uwar. Waɗanda suka daɗe a gindin bishiya kuwa ƙwari ke huda su.

Ustazun Asawase: Malam, ban musa maka ba. Kalmar "shuka" ce ban yarda da ita ba. Shuka sai da niyya. Akuya cikinta ta cika, ta wuce.

Hajiya Mai Koko: To Ustaz, yaron da ya sha mangwaro ya yar da ƙwallo ya tsiro, wa ya shuka?

Ustazun Asawase: Hajiya, wannan yarwa ya yi. Allah ne ya tsirar.

Hajiya Mai Koko: Wanda manomi ya binne ma ai Allah ne ke tsirarwa.

Ɗan Aboabo: Jama'a, ni fa itatuwana aka cinye.

Mahaucin Kaase: Ku masu maganar niyya, kun taɓa farka tumbi? Shanun da ake saukowa da su ta Paga, kan iyakar Burkina Faso, na sha ganin ƙwayoyi lafiya lau a cikinsu. A arewa ku duba inda awaki ke kwana, ƙwallon aduwa ne zube, wanda suka tofar suna tuƙa.

Matashin Zango: Kawu, awakin Kumasi fa? Roba da kwali suke ci a bola. Me za su shuka, leda?

Mahaucin Kaase: Wa ya zubar da robar? Ku ne. Kuma ka iya bakinka, na girmi babanka.

Manomin Agogo: Duk mai cewa dabba na shuka ya zo ya ga gonar ayabata bayan garke ya ratsa.

Jikan Makiyayi: Ga shi nan, an fara. Ana zancen akuyar unguwa, kai ka jawo mana rikicin manoma da makiyaya na Agogo. Kullum mu ne.

Manomin Agogo: Ban kira sunan kowa ba.

Malamin Gona: Don Allah mu koma kan magana. Dabbar da ta baza iri ita ce kuma ke cinye tsiron in ba a killace shi ba. Sannan a nan kudu, irin su darbejiya jemagu da tsuntsaye ne ke baza su.

Ustazun Asawase: Ka ji, "baza" ka ce. Da haka aka fara da ban tanka ba.

Shugaban Zaure: To, an kusa kiran Magariba, zan rufe. Abin da na fahimta, a matsayina na wanda ya shekara ashirin yana sayar da dabbobi: Malamin Gona ya tabbatar akuya na raya daji, mahauci ya gani da idonsa, Hajiya ma ta goyi baya. Ba wanda ya kawo hujjar cewa ɓarna kawai take yi. Ɗan Aboabo, ka sayi waya ka kewaye itatuwanka, ka kuma ba maƙwabcinka haƙuri.

Ɗan Aboabo: Ni ne kuma zan ba da haƙuri, Alhaji?