Abincin na asali ne amma bai yi mini daɗi ba, tauraro nawa zan ba su?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Aiki ya kai ni birnin Napoli na ƙasar Italiya, abokan tafiya suka ce ai ba a zuwa garin a koma ba a ci fiza ba. Muka shiga wani gidan abinci da layinsa ya kai har bakin titi. Da aka kawo, tsakiyarta laushi tiɓis, ruwan tumatir da cuku sun jiƙa ta, ka ɗaga yanka ya lanƙwashe, gefenta kuma ɗigo-ɗigon ƙuna. Wadda na saba ci a wasu wurare tana da ƙarfi, tana ƙaras-ƙaras a baki. Rabi na ci na bari. Na yi niyyar ba su tauraro biyu a Google, sai abokiyar tafiyata ta ce zalunci ne, wai haka ta asalin take. To ni kuɗina na biya, kuma bakina ne ya ci. Da ɗanɗanona zan auna su ko da asalin abincin?

Wani ɗan'uwa mai sana'ar girki:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da kika lissafa ba kuskuren mai girki ba ne, da gangan ake yin ta haka. Fizar Napoli a tandar itace ake gasa ta, zafin ya haura digiri 400, kuma daga sakan 60 zuwa 90 an fitar. A wannan ɗan lokacin gefe ya kumbura ya yi tabon wuta, tsakiya kuwa ba ta samu damar bushewa ba. Shi ya sa mutanen garin ke cin ta da wuƙa da cokali mai yatsu, ko su ninke ta huɗu. Tun 1984 suna da ƙungiya mai kula da ƙa'idar yin ta, a 2017 kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sana'ar masu gasa ta cikin al'adun da ake adanawa. In kika ba su biyu saboda laushi, kin hukunta su ne a kan abin da suka yi daidai.

Wata 'yar'uwa:
Malam, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ai ba jarrabawar girki aka sa ta ta duba ba, an tambaye ta yadda ta ji. In kowa zai ba da biyar don tsoron a ce bai waye ba, wanda bakinsa irin nata ne da me zai gane kada ya ɓata kuɗinsa? Yaya, faɗi gaskiyarki. Ban son wannan ɗabi'ar ta mutum ya haɗiye abu da ƙyar sannan ya yaba don an ce na asali ne.

Wani dattijo a cikinmu:
'Yata, kalmar nan ta asali kada ta tsorata ki. Tumatir ɗin da ke kan fizar daga nahiyar Amurka ya iso Turai a ƙarni na 16, ya kuma daɗe kafin a saki jiki da cinsa. Barkonon da aka san abincin Indiya da shi, Turawan Fotugal ne suka kai shi can. Tikka masala kuwa, wani girkin kaza mai miya irin na Indiya, a gidajen abincin Birtaniya ya yi suna, har ministan harkokin wajensu Robin Cook ya kira shi abincin ƙasa a 2001. Kowane asali akwai ranar da shi ma baƙo ne. Amma fa wannan bai ba ki hujjar zuwa garin mutane ki ce ba su iya abincinsu ba. Tambayoyi biyu ne kika haɗa: sun yi abin da suka ce suna yi da kyau? Ni ya yi mini? Tauraro ya bi ta farko. In kwaɓin ɗanye ne a ciki, ko abincin ya zo da sanyi, ko wurin ba tsabta, rage musu ba tausayi. Ta biyun kuma ki rubuta ta da kalmomi ƙarara: irin ta Napoli ce mai laushi da ruwa, mai son mai ƙarfi ya nemi wani wuri.

Mai tambaya:
Baba, ɗanye dai ba ɗanye ba ne, kuma da zafinta ta zo. Amma har ga Allah hannuna ba zai iya danna biyar ba.

Mai sana'ar girki ya ƙara da cewa:
Ba wanda ya ce dole sai biyar, Hajiya, huɗu ma ba ta zalunci kowa ba in kin bayyana dalili. Kuma in hanya ta bi da ke ta Roma kafin ki dawo, gwada tasu. Siririya ce, akan sa mai a kwaɓin, a murza shi falan-falan, ta fito tana ƙaras-ƙaras har tsakiya. Ita ma 'yan garin ta asali suke ce mata.