Dokokin kare yara a soshiyal midiya: me ya sa majalisun jihohin Amurka ke zartarwa amma aiki ya tsaya?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum. Tun 2023 majalisun jihohin Amurka ke ta zartar da dokokin kare yara a soshiyal midiya, gwamnoni na sa hannu, amma da yawansu ba su fara aiki ba. A ina suke maƙalewa? Kuma me ya haɗa irin wannan doka da kasafin kuɗi, tunda kamfanoni aka ɗora wa aikin?

Malam Na-Shari'a:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kotun tarayya ce ke fara tare su. Jihar Utah ta buɗe hanya a Maris 2023: ɗan ƙasa da shekara 18 ba zai buɗe shafi ba sai da izinin iyaye, kuma za a rufe masa shafin daga 10:30 na dare zuwa 6:30 na safe. Ƙungiyar NetChoice, wadda kamfanoni irin su Meta da Google ke ciki, ta kai ƙara. Majalisar ta soke dokar da kanta a 2024 ta rubuta sabuwa, ita kuma alƙali ya dakatar da ita a Satumba. A Arkansas an tsayar da tasu a Agusta 2023, ana gobe za ta fara aiki, kotu ta soke ta gaba ɗaya a 2025.

Dalilin kusan ɗaya ne: gyaran farko na kundin tsarin mulki, mai kare 'yancin faɗin albarkacin baki. In an ce a tantance shekarun yaro, to babba ma sai ya nuna katin shaida kafin ya karanta ko ya yi magana, alƙalai kuma na ganin wannan tauye hakki ne. Sai kuskuren rubutu. Dokar Arkansas ta keɓe wasu dandamali ta bar wasu, har aka rasa sanin wa ta hau kansa. Dokar da ba ta fayyace wanda take nufi ba, ba ta tsira a kotu.

Mai Lissafin Baitulmali:
Hajiya, ɓangaren kuɗin ne mutane ke rainawa. Ƙudirin da zai ci kuɗi, ma'aikatan majalisa na haɗa masa takardar ƙiyasi: ma'aikata nawa za a ɗauka, nawa zai ci a shekara. Daga kwamitin da ya duba manufarsa, sai ya wuce kwamitin kasafi. A Kalifoniya ana tara masu tsada wuri ɗaya a yanke musu hukunci a zama guda, da yawa a nan suke mutuwa ba tare da an ƙada musu ƙuri'a a zauren majalisa ba.

Shi ya sa masu ƙudiri ke son takardar ta nuna kuɗi kaɗan ko babu. Nan ne ɓarnar. Ofishin babban lauyan jiha ne yawanci ke tilasta bin dokar, kuma yana buƙatar lauyoyi, masu bincike, da ƙwararrun da za su iya gane yadda manhaja ke zaɓar wa yaro abin kallo. In ba a ware albashinsu ba, doka na nan a takarda, ba mai bin sawu. Sannan in jiha ta faɗi a shari'ar tsarin mulki, dokar tarayya ta ba alƙali damar sa ta biya kuɗin lauyoyin wanda ya yi nasara. Ba a cika saka wannan a ƙiyasi ba.

A kuma duba kalanda. Jihohi 46 na fara shekarar kuɗi ranar 1 ga Yuli, New York 1 ga Afrilu, Texas 1 ga Satumba. Duk jihohin, ban da Vermont, suna da sharaɗin daidaita kasafi, wato kada abin da za a kashe ya wuce kuɗin shiga. Dokar da aka zartar bayan an rufe kasafi sai ta jira wata shekara, ko a yanko daga wani wuri.

Ummu Hanan:
Na gode. To akwai wadda ta bi hanyar da ta fi?

Malam Na-Shari'a:
A ganina New York ta fi dabara. Dokarta ta Yuni 2024 ba ta hana yaro shiga ba. Abin da ta hana shi ne a riƙa turo wa ɗan ƙasa da 18 jerin abubuwan da na'ura ta zaɓa don ta riƙe shi, da sanarwa daga 12 na dare zuwa 6 na safe, sai da izinin iyaye. Tara na iya kai wa dala 5,000 kan kowane laifi. Amma ba ta fara aiki sai kwana 180 bayan babban lauyan jiha ya kammala ƙa'idoji, wannan kuma aikin ma'aikata ne da ke cin kuɗi da lokaci. Utah ta sake salo a 2025, ta ɗora tantance shekaru a kan shagunan manhaja na Apple da Google.

Mai Lissafin Baitulmali:
Ƙari kaɗan, Malam. Da New York ta hana waya a makarantu a 2025, cikin kasafi ta saka hanin, tare da dala miliyan 13.5 na wurin ajiye wayoyi. Hajiya, in kina karanta irin wannan ƙudiri, fara da takardar ƙiyasin, sannan ki nemo ranar fara aiki da sunan ofishin da aka ba wa tilastawa.